Abincin Meksiko da Kwanukan Gwaggo

Shekara tara muna tare da maigidana ban taɓa ganin yadda yake tauna abinci ba. Ba faɗa muke yi ba, haka dai ake yi a wajenmu. Da an sallame magariba sai in zuba tuwo a babban kwano in rufe da faifai, ya ɗauka ya fita ƙofar gida inda maƙwabta ke shimfiɗa tabarma, kowa ya kawo na gidansa a haɗa. Ni kuma in zauna tsakar gida in ci nawa tare da yara, ina jin muryoyin maza ta bayan katanga suna gardama kan ruwan bana. Duk abin da na sani game da cin abincinsa, daga kwanon da ke dawowa na san shi. In miya ta yi daɗi, kwano ya dawo a suɗe. In gishiri ya zarce, tuwo ya dawo da saura. Amma ko yaya miyar ta kasance, ranar da na sa nama sai na tarar da yanka ɗaya a gefen kwano, an tura shi can an rufe da 'yar loma. Wannan yankan ya daɗe yana ci mini rai. Na ɗauka tauri ne, na ƙara masa lokaci a wuta. Na canza mahauci sau uku. Daga baya na daina wahalar da kaina, in ya dawo sai in mayar da shi tukunya, washegari in ɗumama in sake zuba masa.

Da ban yi karatun littattafan soyayya ba, da wataƙila duk wannan bai dame ni ba. Tun ina 'yar makaranta a Dutsi nake karanta su, waɗanda 'yan kasuwa ke shigowa da su daga Kano cikin kwali, bangonsu ya kuturce saboda yawan hannu. A cikinsu, komai wahalar da yarinya ta sha, akwai ranar da mijinta zai ce ta shirya. Ya kai ta wani wurin cin abinci mai sanyi, ya ja mata kujera, su zauna suna fuskantar juna, kyandir na ci a tsakaninsu. Ya ɗebo abinci a cokali ya kai mata baki, ita kuma ta sunkuyar da kai hawayen daɗi na zuba. Ban taɓa sa ran motar da ke cikin littattafan ba, ko gidan sama mai lambu. Tebur ɗin nan kaɗai nake so, sau ɗaya, ni da shi.

Shi kuwa malamin gona ne, kuma wake ne aikinsa. Yana yawo kan babur ƙauyukan Tibiri da Dumega yana nuna wa manoma yadda za su ɗaure buhu kada ƙwari su cinye musu amfani. In ka ba shi ƙwayar wake ɗaya, zai juya ta a tafin hannu ya gaya maka irin ƙasar da ta fito. Madam yake ce mini, kamar yadda yaran ajina ke cewa, don ina koyarwa a lakwal.

Wata rana cikin hutun makaranta ya dawo da takarda. An gayyace shi taron kwana uku a Yamai kan adana wake, kuma masu taron sun kama wa kowa ɗaki a wani babban otal a tsakiyar birni. Na karɓi takardar na buga sunan otal ɗin a wayata. Hotuna suka fito, da taswirar wuraren da ke kusa. Tsallaken titi kawai, ga wani gidan cin abinci wai na mutanen Meksiko. Na san Meksiko a taswirar da ke bangon ajina, can bayan teku, amma abin da suke ci ban sani ba. Hoton dai ya nuna ƙaramin tebur, kujera biyu, da kyandir cikin gilashi. Na daɗe ina kallonsa har tuwona ya fara kamawa.

"Zan bi ka," na ce.

"Madam, me za ki yi a taron wake?"

"Ba taron zan je ba. Akwai inda nake so ka kai ni mu ci abinci. Ni da kai."

Ya dubi hoton, ya dube ni, ya sosa ƙeya. Ban ji ya ce a'a ba. Tambaya ɗaya ya yi: "To, Gwaggo fa?"

Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ce, tana zaune a Yamai tun kafin a haife ni. Duk wanda ya fito daga danginsu, ko ɗalibi, ko mara lafiya, ko mai neman takardar tafiya Makka, gidanta yake sauka. Da wannan take tinƙaho, cewa ba wani jininta da ya taɓa kwana a Yamai ƙarƙashin rufin da ba nata ba. Muka yi shawara ba za mu gaya mata ba sai ranar ƙarshe, mu je mu gaishe ta kamar yanzu muka iso. Shawarar ta yi kyau har safiyar tafiya, lokacin da muka kai yara wajen surukata. Ta fito da ƙullin beruwa, wato garin waken nan da matan Dutsi ke murzawa su turara su shanya, ta ce mu kai wa Gwaggo. Muka karɓa. Muna barin gidan ta ɗauki waya don ta tabbatar saƙonta zai isa.

Mun ɗan wuce Dosso wayarsa ta yi ƙara. Waya ce mai babbar murya, duk motar na ji.

"Kun wuce Dosso? To an share ɗaki, na sa an kama zakara."

"Gwaggo, ai masu taron sun kama muna ɗaki a otal."



"Otal. Kai da matarka ta aure?"

"Da ita, Gwaggo."

"To mi za ku ɓoye?"

Wani dattijo a kujerar gaba ya juyo ya dube mu daga sama har ƙasa.

"Ba haka ba ne, Gwaggo, tsarin taron ne."

"Gidana ya faɗi ne ban sani ba? To Allah ya kawo ku lafiya." Ta kashe.

Otal ɗin ya yi kama da na littafi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ƙasan falon na sheƙi har ina ganin bakin zanena a ciki. Aka ba mu wani kati a madadin makulli, muka shiga akwatin nan mai hawa da mutane sama, cikina ya rage a ƙasa sai da muka kai hawa na huɗu ya iske ni. Gadon fari ƙal, har na rasa inda zan zauna kada in ɓata shi. Sanyin ɗakin kamar cikin randa. A banɗaki akwai sabulai ƙanana guda biyar da tawul har shida, amma babu buta, sai da na zaro tawa daga cikin jaka. Tagar ba ta buɗuwa. Ta cikin gilashinta nake ganin motoci na zagaye shatale-tale, can tsallake kuma ga wurin da na zo dominsa, an zana ƙatuwar malfa a saman ƙofarsa. Na yi wanka, na shafa turare, na ce masa da an yi magariba mu tsallaka.

Kafin magaribar wayar ɗaki ta yi ƙara, wai muna da baƙo a ƙasa. Wani direban taksi ne, ɗan Matankari, maƙwabcin Gwaggo, tsaye tsakiyar falon nan mai sheƙi da kwanuka uku ɗaure cikin tsohon mayafi. Tuwon gero ne, da miyar kuka da zakaran da aka kama dominmu, da hura a ɗan bokiti.

"Hajiya ta ce in gaya muku, ko ina kuka sauka ku baƙinta ne. Kuma ta ce kwanukanta ba su saba komawa da saura ba."

Yarinyar da ke tarbar baƙi ta fito daga bayan teburinta, ta yi mana bayani da Faransanci mai laushi cewa ba a shiga ɗaki da abincin waje. Maigidana ya tsaya riƙe da kwanuka, bai san gaba ba bai san baya ba. Mayar da su a cike ba ya cikin abin da zai yiwu, don wannan ya fi zagi. Sai mai gadin ƙofa, wanda ƙamshin daddawa ya jawo, ya matso ya ce da Hausar gida, "Malam, in tabarma ce akwai." Ashe mutumin Dumega ne.

Na koma sama da ɗan kwanona a ɓoye cikin jaka. Na zauna ƙasa kan darduma na ci, don tsoron kada miya ta ɗiga a farin gado. Da na leƙa ta taga sai na ga ƙofar gidanmu ta Dutsi ta biyo mu Yamai. Ga tabarma gefen katangar otal, ga mai gadi, ga direbobi biyu, ga wani mai shayi, sun kewaye kwanon Gwaggo. Daga hawa na huɗu saman hular maigidana kawai nake gani tana sunkuyawa tana ɗagowa. Ya hawo yana shafa ciki.

"Madam, yau kam ko ruwa ba shi da wurin zama. Gobe in Allah ya so."

Goben ta zo da kwanuka huɗu. Labari ya bazu a zauren taro, wasu Arawa biyu, mutanen yankinmu, cikin mahalarta suka bar abincin otal suka sauko tabarma. Ni kuwa na yini a ɗaki ina haddace sunayen abincin Meksiko daga waya, don kada in ji kunya gaban mai kawo abinci. Da maigidana ya hawo ranar, sai ya miƙo mini cinyar kaza naɗe cikin takardar taro mai hoton buhun wake. "Ga wannan," ya ce, ya wuce alwala. Na dubi cinyar na ji wani sanyi a raina. Ashe ba nawa naman kaɗai yake rainawa ba, har na Gwaggo.

Saura yini ɗaya. Za a rufe taro da tsakar rana, washegari mu kama hanya. Na lissafa a raina cewa in kwanuka suka sake zuwa, to teburin nan sai dai in ci gaba da karanta shi. Da safe yana fita na sa leshina na lefe, wanda ban sa ba tun sunan ɗanmu na fari. Na ɗaura kallabi sau uku kafin ya zauna, na ɗauki beruwa da kwanukan da na wanke da sabulun otal, na tari taksi zuwa gidan Gwaggo.

Na tarar da ita zaune tsakar gida tana tsince shinkafa, baƙi ko'ina, wata na shanya, wani tsoho na kwance ƙarƙashin dalbejiya yana jiran ranar ganin likita. Na durƙusa har ƙasa.

"A'a, 'yan otal! Ku kawo mata kujera, ta manta zaman tabarma."

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau. Wannan ado fa? Biki za ki, ko can haka ake kwana?"

Na miƙa beruwa, ta kwance ƙullin ta shinshina, ta tambayi kowa da kowa a Dutsi har akuyar surukata. Ta buɗe kwanuka ɗaya bayan ɗaya ta ga a wanke suke, fuskarta ta ɗan saki. Sai na tattara ƙarfin hali na ce ina roƙon alfarma, yau kada a kai mana abinci.

"Mi ya faru? Gishiri ya yi yawa?"

"A'a, Gwaggo."

"To an yi muku gorin tuwona ne a gidan gilashi?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan magana ba, ko ƙawata. Da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji na ce akwai wani wurin cin abinci kusa da otal, ina so mu je ni da shi, mu zauna tebur ɗaya mu ci tare. Na ce shekara tara ban taɓa ganin yana ci ba.

Gwaggo ta ajiye faranti ta yi dariya har da tari. "Tare? Yunwa ake yi? Ɗiyata, ni shekara arba'in na yi da marigayi, ban ga bakinshi na motsi ba sai in faɗa yake. Mi za ki gani cikin bakin namiji?" Ta share ido da gefen zane. "To mi suke dafawa can da ni ba ni iya dafawa?"

"Abincin Meksiko ne."

"Ina ne nan? Gaba da Gaya?"

"Bayan teku ne, Gwaggo."

Ta dube ni, sannan ta miƙe tana dafa gwiwa. "To ba ni aikawa da abinci. Ni da kaina za ni in ga abin da ya hana ɗana kwana gidana. Ku ɗauko mini mayafina mai zubi."

A cikin taksi har godiya nake yi wa Allah, ina ganin na ci nasara. Maigidana na fitowa daga taro ya gan mu tsaye bakin ƙofar otal, ya cire hula ya mayar. Muka tsallaka titi mu uku, shi a gaba yana tsayar da motoci da hannu, Gwaggo na tsine wa masu babura.

Wurin ya fi hotonsa duhu, an shafe bango da ja da ruwan ɗorawa, wani kiɗa mai kakaki na tashi a hankali. A kusurwa an dasa wata shuka mai ƙaya cikin tukunya. Gwaggo ta nuna ta da baki ta ce, "Ƙerana cikin ɗaki. Mu shinge muke yi da ita." Mai kawo abinci ya tarbe mu da ƙatuwar malfa a kansa, ta tambaye shi ko daga gona yake. Ga teburina can jikin taga, kujera biyu, kyandir cikin gilashi, daidai yadda na gani. Aka jawo kujera ta uku aka sa a tsakiya. Maigidana ya ja kujera kam, kamar yadda ake yi a littafi, amma Gwaggo ya ja wa.

Ya fara da tambayar ko akwai naman alade ko giya cikin girkin. Mai malfa ya tabbatar masa da Faransanci cewa babu, da ya ji Gwaggo na magana kuma ya koma Hausa. Na faɗi sunayen da na kwana biyu ina haddacewa, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Na kuma rage murya na roƙe shi ya kunna kyandir. Ya kunna.

"An ɗauke wuta ne?" in ji Gwaggo. "Ga rana tsaka."

Abinci ya iso a manyan farantai. Wata 'yar waina ce ta masara, siririya kamar takarda, an naɗe nama da albasa a ciki, gefe ga shinkafa, ga wani abu mai kauri ruwan ƙasa an barbaɗa masa cuku, ga jar miya a ɗan kasko. Gwaggo ta sa yatsa ta lakato mai kaurin ta ɗanɗana.

"Wake," ta ce.

Maigidana ya sunkuya kan farantinsa. Ya tono ƙwaya ɗaya da ba ta dame ba, ya ɗora a tafin hannu, ya juya ta, ya raba ta biyu da farce. Na ga fuskarsa ta yi hasken da ban gani ba ko ranar ɗaurin aurenmu. "Namu ne! Farin nan ne mai baƙin ido, na yashin Dumega." Ya yafito mai malfa ya tambaye shi inda suke saye. Mutumin ya ce jan waken da ya kamata a yi da shi ba kullum ake samu ba, don haka wajen wani Ba'are ɗan yankinmu suke ɗauka a kasuwa. Suka shiga hirar buhu da ƙwari. Na yi tafiyar rabin yini a mota, na kwana biyu a ɗakin da taga ba ta buɗuwa, don in ci waken da ke jibge a ɗakin ajiyarmu.

Amma ba waken ne ya kashe mini jiki ba. Na ɗauki cokali ke nan sai hannuna ya tsaya. Na shirya leshi, na shirya sunaye, na shirya kyandir, na manta abin da ko yarinyar goye ta sani a garinmu: matar ɗa ba ta cin abinci gaban uwar mijinta, ko gwaggonsa. Ko ruwa za ki sha sai kin juya baya. Shekara tara ban taɓa kai loma baki gaban surukata ba, balle Gwaggo da ke zaune kamu ɗaya daga kafaɗata. Ba wanda ya hana ni, hannun ne kawai ya ƙi tashi. Na ajiye cokalin a hankali. Ga teburin, ga kyandir, ga mijina a gabana, ni ce kuma ba zan ci ba. Shi ma ɗan taɓawa kawai yake yi, yana kallon bango.

Gwaggo kuwa ta wanke hannu ta ci nata da yatsu biyar. Ta ce waken na son kanwa, naman na son daddawa, amma tonkar ba laifi, mai girkin ya san yaji. Ta dubi farantina.

"Ke ba ki ci?"

"Na ƙoshi, Gwaggo."

"Uhm. Kin ƙoshi."

Ta ci gaba da cinta. Cukun da ke kan wakena ya sandare. Ina kallon kyandir na raguwa, idona ya fara cikowa, ba irin cikowar littafi ba. Sai aka kira azahar a wani masallaci bayan otal. Gwaggo ta suɗe yatsu ta kira mai malfa. "Kai mai gona, kuna da buta a Meksikon nan? Nuna mini inda zan yi salla." Maigidana ya yunƙura zai tashi, ta watsa masa harara. "Zauna. Ni tsohuwa ce, ba ni jinkiri. Kai ka bi sahu na biyu. Kuma ina da lazimi mai tsawo, kada wanda ya zo kirana." Ta ja mayafinta ta bi bayan malfa, ba ta ko dube ni ba.

Muka rage mu biyu. Ya dubi ƙerana, ya dubi silin, ya gyara kujerarsa ta ɗan karkace gefe, ya ce bismillah. Nan na ga abin da na yi shekara tara ina jira. Da sauri yake ci, kai a sunkuye, da gefen hagu yake tauna. In yaji ya kama shi sai ya runtse ido ɗaya. Ya gwada cokali mai yatsu sau biyu, wainar ta warware, ya ajiye shi ya sa hannu. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Ni ma na fara cin nawa, a sanyaye, lemun tsami ya yi masa yawa. Can sai na ga yatsansa ya zaro yankan nama mafi girma daga cikin wainar, ya tura shi gefen faranti, ya ja 'yar shinkafa ya rufe. Ko dubawa bai yi ba, hannun ne ya yi abinsa.

"Wannan ma tauri ya yi?" na ce.

"Wane?"

"Naman. Kullum sai ka bar yanka ɗaya. Mahauci uku na canza saboda kai."

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da muka zauna. "Madam, ai naki ne."

"Nawa?"

"To na wa? Na ga in kin yi miya duk naman waje kike turawa. In ban ɓoye ƙarƙashin loma ba, telan nan maƙwabcinmu ba ya barin ko ƙashi." Ya tsaya. "Ba ki ci?"

"Tukunya nake mayarwa. Washegari in sake zuba maka."

Ya ƙura wa yankan ido. Sannan ya buga tebur da tafin hannu har kyandir ya girgiza. "Shi ya sa! Wallahi wani yankan nakan ce kamar na san shi."

Dariya ta kama ni da tonka a baki, ta bi ta hanci, na shiga tari hawaye na zuba. Mai malfa ya rugo da ruwa. Maigidana bai ɗebo komai a cokali ya kai mini baki ba. Da ɗan yatsa ya turo farantin har ya taɓa nawa, ya juya yana kallon titi don kada in ji kunya. Na ɗauka na ci. Ya ɗan yi tauri.

Gwaggo ta daɗe ƙwarai kafin ta dawo tana jan carbi. Ta dubi farantina da ba komai a kai. "Wadda ta ƙoshi ta yi ƙoƙari," ta ce. Ta sa aka ƙulle mata sauran jar miyar, ta ce wa mai malfa ya turo mai girkinsu gidanta ta koya masa beruwa, tunda dai wake suke so. Muna fita bakin titi ta tsaya.

"To, kun ci naku, saura nawa. Ku hau ku kwaso kayanku."

Ba wanda ya yi gardama. Farin gadon ya kwana shi kaɗai a hawa na huɗu. Ni na kwana kan tabarma ɗakin mata tsakanin wata mai jego da buhun gero, shi kuma a zaure tare da tsohon nan mai jiran likita. Da safe Gwaggo ta raka mu tasha tana gaya wa duk wanda ta sani cewa ɗanta ne da matarsa, gidanta suka sauka.

Har yau ƙofar gida yake cin abincinsa, ban kuma sake neman mu je ko'ina ba. Littattafan ma ban daina karantawa ba, in na zo wajen kyandir nakan ɗan yi sauri in wuce. In kwano ya dawo sai in ɗaga lomar in ɗauki abina, in ci a tsaye bakin murhu kafin yara su gani. Na koma wajen mahaucina na farko. Mahaucin bai tambaye ni dalili ba.